Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya Ta Jihar Zamfara



Ina roƙonku, ranku ya daɗe, ku dubi darasin zane a ƙananan sakandare na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, domin yaron da ya tashi yana ganin alaramma na haɗa tawada da ƙaro, yana fiƙe alƙalami, yana zayyana allon sauka, bai dace a karantar da shi fasaha da baki kawai ba. Ku gayyato maginan tukwane, dukawa da marina cikin aji, kowane ɗalibi ya kammala aikin hannu guda a zango, kasancewar da yumɓu Ladi Kwali ta sami ɗaukakar da ta ɗora hotonta kan naira 20. Don Allah ku ware kuɗin kayan aiki.

Wassalam,
Mai kishin ilmi, Sakajiki.