Fim ɗin The Mission da yaƙin da aka ƙwace wa Gwarani

A makon jiya na sake kallon The Mission, na kuma gane abin da ya sa har yanzu ake yabonsa tun fitowarsa a 1986. Kiɗan Ennio Morricone kaɗai ya isa ya sa mutum ƙwalla. Ga Jeremy Irons, limamin Katolika na ɗariƙar Jesuit, yana hawan duwatsun magangarar ruwan Iguwazu da sarewarsa. Ga Robert De Niro, tsohon mafaraucin bayi, yana jan ƙunshin makamansa cikin laka don neman gafara. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes. Duk da haka ina tuhumarsa da laifi guda: ya ɗauki yaƙin da wata al'umma ta yi da jininta, ya mayar da shi gardamar Turawa biyu a kan ko ya halatta limami ya ɗauki takobi.

Ga abin da ya faru. A 1750 Sifaniya da Fotugal suka sa hannu a yarjejeniyar Madrid don shata iyakarsu a Kudancin Amurka. Sifaniya ta karɓi garin Colonia del Sacramento, ta miƙa garuruwan mishan bakwai da ke gabashin kogin Uruguwai. Aka umarci mazaunansu, 'yan ƙabilar Gwarani kimanin 30,000, su tattara nasu-ya-nasu su haye kogi, su bar gonaki da garken shanu da kaburburan iyayensu. Suka ce a kai kasuwa.

Su wane ne waɗannan mutane? A fim za ka ga mazauna kurmi tsirara-tsirara, waɗanda busar sarewa ta shiga ransu, kuma sai da De Niro ya tsara musu dabarun yaƙi. Gwarani na tarihi kuwa sun shekara fiye da ɗari suna riƙe da bindiga. Tun 1641 suka fatattaki mafarautan bayi na São Paulo a gumurzun Mbororé, daga baya kuma Sifaniya ta sha kiran rundunarsu ta yi mata yaƙi. Garuruwansu na da majalisu da maƙera da majami'u na dutse, kangon na São Miguel yana nan tsaye a kudancin Birazil. Sun iya rubutu. A 1753 shugabanninsu suka aika wa gwamnan Buenos Aires wasiƙu cikin harshensu, suna tuna masa hidimar da suka yi wa sarki, suna bayyana dalilin da ba za su tashi ba. Al'ummar da ta rubuta hujjojinta da hannunta, ita ce Roland Joffé ya bari tana magana a allo, galibi ba tare da an fassara mana ko jimla ba. Waɗanda suka fito a matsayin Gwarani ɗin ma mutanen Waunana ne na Kolambiya. Wato ɗan kurmi ɗan kurmi ne, kowanne aka samu ya wadatar.

Sai batun Altamirano. Fim ɗin ya naɗa shi Kadinal, wakilin Fafaroma mai cike da nadama. A tarihi limamin Jesuit ne, kuma shugabancin ɗariƙar ne ya turo shi ya tilasta wa 'yan'uwansa su kwashe mutanen. Wannan ɗan sauyi ya wanke ɗariƙar tas, ya jingina laifin a wuyan baƙo. Gaskiya ne limamai da dama a garuruwan sun yi ta roƙon a janye umarnin, an ma zarge su da hura wutar tawaye. Amma waɗanda suka ja daga su ne Sepé Tiaraju da Nicolás Ñeenguirú. An kashe Sepé a Fabrairun 1756, kuma bayan 'yan kwanaki, a Caiboaté, hadaddiyar rundunar Sifaniya da Fotugal ta hallaka Gwarani kusan 1,500 a yini ɗaya. A 1761 ƙasashen biyu suka soke yarjejeniyar da aka zubar da wannan jini dominta.

Na san abin da za a ce: fim ba littafin tarihi ba ne, kuma mishan ɗin sun kare dubban mutane daga ƙangin bauta. Na yarda da na biyun, ko da yake ɗariƙar ta mallaki bayi 'yan Afirka a gandayenta na Córdoba, abin da fim ɗin bai ko ƙyalla ido gare shi ba. Na farkon kuwa ban karɓa ba, domin fim ɗin ya buɗe ne da sanarwar cewa abubuwan tarihin da ke cikinsa gaskiya ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A jihar Rio Grande do Sul akwai gari mai suna São Sepé, kuma a 2009 Birazil ta shigar da Sepé Tiaraju cikin kundin gwarazan ƙasa. A cikin sa'o'i biyu na The Mission ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba.