KUƊIN KWALBA: A ƊORA SHI A KAN ROBA

Sanin kowa ne cewa a shagunan Garo, da kasuwannin Kabo da Gwarzo, akwai wata tsohuwar al'ada wadda ba doka ce ta kafa ta ba. Duk wanda ya sayi lemon kwalba zai tafi da shi gida, sai mai shago ya riƙe wani abu bisa kuɗin lemon, ranar da aka maido da kwalbar ya mayar masa. Shi kuma mai shago ba ya karɓar sabon kiret wajen dillali sai ya miƙa tsohon cike da kwalabe. Shi ya sa da wuya a ga lafiyayyar kwalba a bola.

Zuwan lemon roba da ruwan leda ya rushe wannan tsari, domin an sayar ke nan, babu mai bin sawu. Illar kuwa ta fi faɗawa kan mutanen karkara. Manomi ya kwashi shara ya kai gona don taki, sai ya tarar ya shuka leda. Akuya ko tunkiya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa har ta mutu. Da damina kuma magudanan ruwa su toshe, sauro ya sami wurin hayayyafa.

Abin lura shi ne, yara sukan tsinci robar lemo saboda masu zoɓo da kunun aya suna saye, amma ba mai sunkuyawa don ledar ruwa. Bambancinsu kawai shi ne ɗaya tana da kuɗi, ɗaya ba ta da shi.

Ƙasashen waje sun tabbatar da haka. A shekarar 2003 Jamus ta tilasta jingina a kan robobi da gwangwanayen abin sha. Ana riƙe santi 25 kan kowane ɗaya, kuma fiye da kashi 95 cikin ɗari suna komawa. Jihar Oregon ta Amurka ta kafa dokarta a 1971 da santi 5. Da darajar kuɗin ta ragu, sai mayarwa ta sauka ƙasa da kashi 70. A 2017 aka ninka shi zuwa santi 10, ta haura kashi 80. Ke nan jinginar da ba ta bin tsadar rayuwa ba ta daɗewa tana aiki.

Wasu za su ce wannan ƙarin nauyi ne kan talaka. Gaskiya ne zai zama nauyi idan babu inda mutum zai kai robarsa ya karɓi kuɗinsa. Saboda haka ya kamata hukumar kula da muhalli ta ƙasa, NESREA, tare da Gwamnatin Jihar Kano, su ɗora wa kamfanoni alhakin buɗe rumfar karɓa a kowace kasuwa. A sanya 'yan gwangwan cikin aikin, tun da sun riga sun san lunguna, a kuma riƙa sayen ledar ruwa bisa awo. Kuɗin da ba a zo karɓa ba a tafiyar da rumfunan da shi.

Mutumin Garo ya saba maido da kwalba tun da daɗewa. Abin da ya rage shi ne hukuma ta sa wa roba kuɗi.