Zaɓen Fitila Ga Mai Kiwon Murjani A Gida

Masu karatu, a wannan mako za mu leƙa wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, watau kiwon murjani mai rai a cikin akwatin gilashi da aka cika da ruwan gishiri. Cikin abubuwan da suka fi ba masu wannan kiwo wahala akwai zaɓen fitilar da za a rataya bisa akwatin, domin ita ce tukunyar abincin abin da ke ciki. In aka yi kuskure a kanta, sai a wayi gari an yi hasarar rai da dukiya baki ɗaya.

Mu a nan mun san murjani a wuyan mata, jan dutsen nan na ado. Na ainihinsa daga Bahar Rum ake samo shi, inda yake zaune a kogo da wurare masu duhu, ba ruwansa da haske. Amma ɗan'uwansa mai gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa, irin na Bahar Maliya da gaɓar Ostareliya, halinsa dabam ne. 'Yar ƙaramar dabba ce mai gina wa kanta gida mai tauri, kuma a cikin jikinta akwai wata gansakuka wadda ba a gani sai da madubin likita. Gansakukar nan tana amfani da hasken rana ta yi sukari kamar yadda ganyen itace ke yi, murjani ya sami mafi yawan abincinsa daga nan, ita kuwa ta sami mafaka. Haka zancen yake ga babbar ƙumbar teku, watau dabbar nan mai ɓawo biyu da masana ke kira Tridacna, wadda mafi girmanta takan wuce kilo 200. Ita ma buɗe ɓawonta take yi ta shanya namanta a rana saboda gansakukar da ke jikinta.

To, abu na farko da za a duba shi ne launi. Ruwan teku yana shanye jan haske da wuri, kafin a kai zurfin mita 10 ya kusa ƙarewa, shuɗi kuwa ya fi kowane launi nisa. Saboda haka masu kiwo sun fi son fitila mai rinjayen shuɗi. Akan rubuta lambar launi a jikin ƙwai da ma'aunin Kelbin, kuma na wannan aiki yakan kama daga 10,000 zuwa 20,000. Lamba na hawa, shuɗi na ƙaruwa.

Na biyu shi ne ƙarfi, kuma a nan ido ba shaida ba ne, gama idon mutum ya fi ganin kore da rawaya, shuɗi mai ƙarfi sai ya gan shi dushi-dushi. Don haka akan tsoma na'ura cikin ruwa a auna hasken da gansakuka ke iya amfani da shi, da ma'aunin da ake kira PAR. Rana tsaka a ƙasashe masu zafi tana ba da kamar 2,000 a saman ruwa. Bisa abin da masu kiwo suka saba, murjani mai laushi ya wadatu da 50 zuwa 150, mai rassa irin Acropora kuwa yana son 200 zuwa 400. Cikin ƙumbobi, crocea da maxima sun fi kowa yunwar haske, derasa da squamosa sun fi su haƙuri. Da yake haske na raguwa da zurfi, masu yunwarsa ake ɗorawa a saman dutse, masu haƙuri a ajiye su ƙasa.

Na uku shi ne zafi, domin ana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyos. Tsohuwar fitilar halaid mai wat 250 ko 400 tana ratsa ruwa sosai, amma tana shan wuta, tana ɗumama akwati, kuma ƙwanta yana bukatar canji kamar shekara-shekara. Dogayen ƙwayaye na T5 suna baza haske daidai wa daida ba tare da inuwa mai yawa ba. Ita kuwa LED, wadda ta mamaye kasuwa, ba ta shan wuta sosai, kuma ana iya rage ta ko a ƙara. Tushenta shi ne shuɗin ƙwan da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka ƙago, wanda ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014.

Amma fa a yi hattara, yawan haske ma kisa yake yi. In ya fi ƙarfin gansakuka, balle in ya haɗu da zafi, sai murjani ya kore ta daga jikinsa, ya yi fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Irin wannan fari ne ya auka wa babban tsaunin murjani na Ostareliya a 1998 da 2016 da 2017, sa'ad da ruwan teku ya yi zafi fiye da kima. Saboda haka sabuwar fitila akan fara ta da rauni, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, tana ci awa 8 zuwa 12 a yini. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙarshe, a tuna cewa murjani mai tauri da ƙumbobin nan suna cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta 1973 ke sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Wanda ya ɗauke wa halitta ranarta, lalle wajibinsa ne ya ba ta madadi. Shawararmu ita ce, mutum ya fara sanin abin da zai kiwata da irin hasken da yake bukata, sa'an nan ya sayi fitila, sa'an nan ya sayi dabba.