Raddi ga mai cewa duwatsun Keita ba jari ba ne

Wani masanin tattalin arziki daga Yamai ya faɗa a wata muhawarar rediyo cewa furojen Keita na farfaɗo da ƙasa ɓarnar dukiya ce. Hujjojinsa huɗu. Wai bunƙasar arziki lissafi ce mai sauƙi, ka zuba jari kaza ka girbe ƙari kaza, kuma jera duwatsu a gindin tudu ba ya cikin jari. Wai samarin Ader, yankin da Keita take, har yau suna tafiya bida. Wai man fetur na Agadem zai yi cikin shekara guda abin da Keita ba ta yi cikin ashirin ba. Wai aikin kansa sadaka ce kawai. Ma'ana, matan da suka yi shekaru suna ɗaukar dutse a ka wahalar banza suka sha. Zan amsa masa ɗaya bayan ɗaya, amma ta farko ce uwar sauran, kuma ita ce mafi rauni.

Malam, lissafin da kake riƙe da shi tsoho ne. Roy Harrod ya kawo shi a Ingila a 1939, Evsey Domar a Amurka a 1946, kuma abin da ya dame su shi ne rashin aikin yi a ƙasashe masu masana'antu. A 1957 Domar da bakinsa ya ce bai yi lissafin don auna bunƙasar dogon zango ba. Mai kaya ya ajiye kayansa, amma ofisoshin bayar da tallafi suka ɗauka suka yi ta yawo da shi a Afirka shekara da shekaru. William Easterly, wanda ya daɗe a Bankin Duniya, ya gwada shi a kan Zambiya cikin littafinsa na 2001: da tallafin da ƙasar ta samu ya zama jari, jarin ya zama bunƙasa yadda lissafin ya ce, da kuɗin shigar mutum ɗaya ya haura dalar Amurka 20,000 a tsakiyar shekarun 1990. Abin da aka tarar kusan 600 ne. Da wannan ma'aunin ake so a yanke wa mutanen Ader hukunci?

Robert Solow ya gyara ginin tun 1956. Ya nuna cewa jari kaɗai ba ya riƙe bunƙasa, domin kowane ƙari da aka zuba ribarsa ba ta kai ta baya ba, kuma jari yana tsufa yana lalacewa. Shekara guda bayan haka ya auna tattalin arzikin Amurka daga 1909 zuwa 1949, ya samu kusan kashi bakwai cikin takwas na ƙaruwar abin da ma'aikaci ke samarwa daga ingantuwar dabarun aiki ya zo. Wannan darasin ajin farko ne a kowace jami'a, kai ma ka san shi.

Ka zo Ibohamane ka ga lalacewar jari da idonka. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka gina baraji a nan, aka shimfiɗa filin ban ruwa a ƙarƙashinsa, aka noma auduga da dawa. Ga irin jarin da nazariyyarka ke so: siminti, magudanai, ƙofofin ruwa. To me ya ci shi? Yashi da laka. Idan ruwa ya sauka a kan fako da tuddan da babu ko ciyawa, ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gangarowa yake da gudu ta ƙorama, ya kwashe fatar gona, ya yanke gaɓa, ya je ya sauke kayansa a cikin baraji. Damina bayan damina cikin barajin na cikewa, ruwan da yake riƙewa na raguwa, manomin da filinsa ke ƙarshen magudana ya fara jira a banza. Abin da ke rage wannan ɓarna yana can sama: ramukan da aka haƙa a jikin tudu aka dasa itace a ciki, jerin duwatsun da aka shimfiɗa a kan fako, da duwatsun da aka ɗure cikin ragar waya aka tare bakin ƙorama. Ka ƙirga barajin a matsayin jari, ka ƙi ƙirga abin da ke hana shi mutuwa. Wannan daidai yake da mai ƙirga hatsin rumbu ya ce jinkar da ke kare shi daga ruwa ado ce.

Furojen ya fara ne a 1984, shekarar da yunwa ta watsa ƙauyuka, shekarar da gwamnatin Seyni Kountché ta tara taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta gudanar, hukumar PAM ta ba da abinci. Daga baya aka faɗaɗa shi har yankin Bouza da Abalak. An farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, ban da rijiyoyi da hanyoyi. Ma'aunin arzikin ƙasa da kake dogara da shi bai san yadda zai ga wannan ba. A sare itace a sayar a kasuwar Tahoua, ya shiga lissafi. A bar shi tsaye yana riƙe ƙasa, babu layin da za a rubuta shi. Ruwa ya tafi da gona ɗungum, babu inda ake debewa. Bankin Duniya ma ya gane giɓin: rahotonsa na 2006 kan dukiyar ƙasashe ya nuna cewa a ƙasashe matalauta kusan rubu'in dukiya albarkatun ƙasa ne, kuma mafi yawansu gonaki da makiyaya. Abin haushi ne ɗan ƙasar nan ya tsaya a baya da wannan fahimta.

Batun bida gaskiya ne, samari suna tafiya Abijan, Legas, Libiya. Benedetta Rossi ta rubuta littafi guda a 2015 kan Ader, ta nuna furojen bai tsayar da tafiyar ba, kuma mata ne suka fi yawa a wurin aikin. Amma ka duba ƙidaya: mutanen Nijar sun tashi daga miliyan 7.2 a 1988 zuwa miliyan 17.1 a 2012. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara tana ninkawa cikin shekara 18. Nazariyyar Solow da kanta ta ce yawan haihuwa yana raba jari ƙanana. Gonar da aka ƙwato daga fako ta ciyar da bakunan da suka ƙaru, kuma da ba a ƙwato ta ba, da har mata da yara sun bi sahun mazan.

Man Agadem kuwa, Allah ya sa masa albarka. Mun dai taɓa ganin irinsa. Arlit ta fara fitar da yuraniyom a 1971, kuɗi suka shigo, aka yi gine-gine a Yamai, farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka bar mu da bashi. Bututun man da ya kai Benin zai ɗaga alƙaluma, amma ba zai riƙe ruwan damina a tudun Ader ba sai an ɗebi kuɗinsa an kawo nan.

Sadaka kuma? Wadda ta wuni cikin rana tana fasa dutse aka auna mata hatsi da mai, ladan guminta ta karɓa, kuma kaɗan ne.

Ina kira ga masu tsara kasafi a Yamai da hukumomin Keita, Bouza da Madaoua: a sa gyaran jerin duwatsu da yashe baraji cikin kasafin kowace shekara, a ƙarƙashin babin jari, yadda ake sa gyaran hanya.