Zuwa Ga Wanzaman Sukuntuni: A Yi Tambaya Kafin A Ɗora Aska

Ya ku iyayenmu wanzamai na Sukuntuni da sauran ƙasar Kankiya da Kusada. 

Da zarar hunturu ya kama za a fara kawo muku yara shayi. Roƙona ɗaya ne. Kafin ku ɗora aska, a aika cikin gida a tambayi uwar yaro: da aka yanke masa cibi, jinin ya tsaya da wuri? Ranar da aka cire masa beli fa? Akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa a dangi?

Ga dalili. Hanta tana samar da wani sinadari da likitoci ke kira fibirinojin, giram 2 zuwa 4 a kowace lita ta ruwan jini. In an ji rauni, shi ke zama zare ya saƙe bakin ciwon kamar ragar masunta, jini ya daskare. Akwai yaron da ake haifa babu shi sam. A Jamus aka fara gano haka a 1920, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin miliyan, sai dai ya fi yawa inda ake auren zumunci, domin ta wajen uwa da uba duka ake gadonsa. Ku da ke shiga kowane gida ranar suna kun fi kowa sanin yawan irin wannan aure a wajenmu. Cibin da ya yi ta tsiyaya shi ne alamar farko. Irin wannan yaro a asibiti ya kamata a yi masa kaciya, bayan an auna jininsa.

Wani kuma yana da sinadarin, amma gurɓatacce, har jininsa ya yi guda a jijiyar ƙafa, ta kumbura tana zogi. Ƙaho ba ya kaiwa can, gudan kuwa yana iya ɓallewa ya toshe huhu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali saran kububuwa ne. Dafinta cinye wannan sinadari yake yi, shi ya sa a asibitin Kaltungo ake zuba jinin wanda ta sara a kwalbar gilashi a jira minti 20 a ga ko zai daskare. Don Allah kada ku tsaga wurin saran.

In kuma aska ta riga ta sauka jini ya ƙi tsayawa, a danne da tsabtataccen ƙyalle, ban da toka, a nufi Babban Asibitin Kankiya nan take. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura Katsina ko Asibitin Malam Aminu Kano.