Ciwon Da Ba Ya Zubar Da Jini

Ran 11 ga watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka auka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji. Bayan kwana shida aka sako yara 344, jama'a ta yi murna, aka yi wa Allah godiya. To, amma yaron da ya kwana shida a hannun masu bindiga, da wace irin zuciya ya koma aji?

Wannan tambaya ta shafi matan Kadisau, ta ƙasar Faskari, waɗanda aka kashe wa maza a watan Yuni na 2020. Ta shafi manoman Sabuwa da suka bar gonakin gado suka koma zaman ci-rani na dole. Mun iya ƙidayar gawa, da shanun da aka kora, da kuɗin fansa. Waɗanda suka tsira da rai amma zukatansu suka karye, su kam babu mai rubuta sunayensu.

Likitoci suna kiran abin da ke kama da yawansu ciwon damuwa mai tsanani. Ya bambanta da baƙin cikin rashi, wanda kan yi sauƙi a kwana a tashi. Alamarsa ita ce mutum ya shafe mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da ke faranta masa rai a da ya daina burge shi, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. In ya yi tsanani, har ya fara tunanin mutuwa ta fi masa. Sau da yawa ba ya cewa yana baƙin ciki. Sai ya ce kansa na ciwo, gabansa na faɗuwa, a ba shi maganin zazzaɓi ya koma gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi, kuma ya fi kama mata.

Laifinmu na farko shi ne yadda muke karɓar mai wannan ciwo. Wani ya ce rashin tawakkali ne, wani ya ce sammu, wani ya ce lalaci. Haƙuri ibada ne, addu'a kuwa takobin mumini, amma wanda ya karye a ƙafa ba a hana shi zuwa wurin maɗori don yana addu'a. Tsoron kada a ce da shi mahaukaci shi ke sa mutum ya yi ta haɗiye abin har ya cinye shi.

Na biyu, magani ya yi nisa. Asibitocin ƙwaƙwalwa da aka sani suna Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Ina matar da ta rasa miji da rumbu za ta sami kuɗin mota? Alhali kuwa tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abekuta, cewa ana iya jiyyar masu irin wannan larura a ƙauye tare da danginsu. Tun 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon da yi masa magani. A farkon 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka a takarda ba ta warkar da kowa.

Saboda haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Katsina ta horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a kowane ɗakin shan magani na waɗannan ƙananan hukumomi uku, ta kuma ajiye magungunan a can. Duk wanda aka sako daga daji a duba zuciyarsa kamar yadda ake duba ƙafafunsa, a kuma ci gaba da bibiyarsa. Limamai su ambaci ciwon a huɗuba, malaman makaranta su lura da ɗalibin da ya yi shiru ba dalili.

Kai kuma ma'aikaci, ke kuma ɗaliba, in kun ga ɗan'uwa ya janye daga mutane, ku zauna ku saurare shi, ku raka shi asibiti. Ciwon yana warkewa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.