Ba kowane jan ido ne apolo ba

1/ Jama'a, duk wanda aka yi wa dashen tantanin baƙin ido, kada ya raina jan ido.

2/ Yayana an yi masa dashen, daga baya aka yi aikin leza don gyara ganinsa. Bayan sati biyu idon ya yi ja, ba ya son haske. Aka ce apolo ne, ya tafi kemis.

3/ Ashe ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Maganin ɗigawa mai sitiroid da ke kare dashe yana rage garkuwar ido, leza kuma ta bar rauni.

4/ Yanzu tabo ya rufe masa gani. Ni dai shawarata: ja, zafi ko dishi-dishi, a ga likitan ido a ranar. Wallahi kwana ɗaya ma asara ce.